Tarihin Kuroshiya da Jaridunta: Wane Littafi Ya Kamata Ka Fara Saye?

Wani ƙanena da ke digiri na biyu a fannin aikin jarida ne ya jawo wannan rubutun. Kundinsa a kan yadda kafafen yaɗa labarai ke rura wutar yaƙi ne, malaminsa ya ce masa kowa Ruwanda yake ɗauka, shi ya leƙa tsohuwar Yugoslabiya mana, sai ya zaɓi Kuroshiya, kuma na san ba komai ya sa ba sai ƙwallo, don tun ranar 16 ga Yunin 2018 da suka ci Najeriya 2 da nema a Kaliningrad yake bibiyar Luka Modric, har ya gano cewa yaron a otal ya tashi a garin Zadar a matsayin ɗan gudun hijira bayan an kashe kakansa a 1991. To ya kira ni ya ce Yaya, kuɗin da ke hannuna littafi biyu zai saya, in an matsa uku, ga dala yadda take, wanne zan saya? Na daɗe ina karance-karance a kan yankin nan, shi ya sa na ce bari in baje amsar kowa ya amfana.

Abu na farko da na faɗa masa, kuma shi ne ginshiƙin duk maganar: kafin ka duba farashi ko kyan bango, duba waye ya rubuta littafin, kuma a wace shekara. Kusan duk littattafan Turanci da ake ji da su a kan Kuroshiya an rubuta su ne ana cikin yaƙin 1991 zuwa 1995, wanda ya ɓarke da Kuroshiya ta ɓalle daga Yugoslabiya, ko kuma ƙurarsa ba ta gama lafawa ba, kuma a wannan yankin tarihi ba abin ajiyewa a kanta ba ne, makami ne, mutum zai kawo maka maganar shekara 900 da ta wuce don ya nuna maka ƙauyen nan na kakanninsa ne. Saboda haka babu littafi ɗaya da zai ishe ka, sai dai a san wanda za a fara da shi da wanda za a gwada shi da shi.

Mu fara da manyan guda biyu da mutane suka fi rasa wanda za su ɗauka a tsakaninsu, na Marcus Tanner da na Ivo Goldstein.

Tanner Bature ne ɗan Ingila, ya yi wa jaridar The Independent aiki a matsayin wakilinta a yankin Balkan daidai lokacin da Yugoslabiya ke wargajewa. Littafinsa Croatia: A Nation Forged in War ya fito a 1997 daga maɗaba'ar jami'ar Yale, shafi 300 da ɗoriya. Alƙalamin ɗan jarida ne, wato labari yake ba ka, ba lacca ba. Zai ɗauko ka tun daga zamanin sarakunansu na farko irin su Tomislav wajen shekarar 925, ya kawo ka 1102 da suka shiga ƙarƙashin rawanin Hangari, ya wuce da kai 1527 da manyan ƙasar suka zaɓi Ferdinand na gidan sarautar Habsburg bayan Turkawa sun murƙushe Hangari a Mohacs a 1526, kana tafe kana ganin dalilin da ya sa taswirar ƙasar take lanƙwashe kamar lauje ta zagaye Bosniya, ai iyakar da yaƙe-yaƙen Daular Usmaniyya suka bari ce. In ya zo kan yaƙin 1991 kuwa nan ƙarfinsa yake, don yana yankin yana aiki aka yi yawancinsa. Garin Vukovar da aka yi wa ƙawanya kwana 87 har ta faɗi ranar 18 ga Nuwamba, ruwan bama-bamai a kan Dubrovnik, har zuwa farmakin Agustan 1995 da sojojin Kuroshiya suka ƙwato yankin Knin daga hannun 'yan tawayen Sabiyawa. Aibinsa a wurina shi ne zuciyarsa na tare da mutanen Kuroshiya, ba wai yana ɓoye laifinsu ba ne, a'a, yana faɗa, amma kana karantawa za ka ji inda tausayinsa ya fi karkata. In za ka saya nemi bugun baya-bayan nan, don an sha sabunta shi ana ƙara abin da ya biyo baya, na ƙarshen ma har sunan aka sauya ya koma Croatia: A History from the Middle Ages to the Present Day, kar ka ga suna biyu ka ɗauka littafi biyu ne ka yi asarar kuɗi.

Shi kuwa Ivo Goldstein ɗan ƙasa ne, farfesan tarihi a jami'ar Zagreb, daga baya ma ya yi jakadan ƙasarsa a Faransa. Nasa littafin Croatia: A History ya fito a Landan a 1999, fassara ce daga yarensu, bai ma kai shafi 300 ba. Ba shi da daɗin karatu irin na Tanner, gaskiya, a bushe yake, shekara kaza an yi kaza, jam'iyya kaza ta ci kujera kaza. Kuma duk da shi asalinsa masanin tsohon tarihi ne, da gudu ya wuce ƙarnonin farko ya zo ya zauna a kan ƙarni na 20. Amma fa abin da yake da shi wanda baƙo ba zai taɓa samu ba shi ne ƙarfin halin faɗa wa mutanen gida laifinsu a gabansu. Ya rubuta littafin shugaban ƙasar na lokacin Franjo Tudjman na kan mulki, kuma bai rufa wa gwamnatin asiri ba, ya yi maganar yadda aka danne 'yan jarida, da yadda aka raba kamfanonin gwamnati ga 'yan gaban goshi, da katsalandan ɗin da Kuroshiya ta yi a yaƙin Bosniya.

Wurin da za ka fi gane bambancin su biyun shi ne shekarun 1941 zuwa 1945. A 10 ga Afrilun 1941 aka kafa wata gwamnati a Zagreb ƙarƙashin inuwar Hitler da Mussolini, ta ƙungiyar Ustasha ta Ante Pavelic, suka shiga kashe Sabiyawa da Yahudawa da 'yan ƙabilar Roma. Sansanin Jasenovac kaɗai, gidan tarihin wurin ya tattara sunayen mutum sama da 83,000 da aka kashe. A zamanin Yugoslabiya 700,000 ake cewa a hukumance, masu zafin kishin Kuroshiya kuma suna ta ƙoƙarin rage adadin ya koma ɗan kaɗan, kowa na jan gawa ɓangarensa. Sannan a Mayun 1945 dakarun Tito, jagoran 'yan gurguzu da ya mulki Yugoslabiya bayan yaƙin, su ma suka karkashe dubban sojoji da fararen hula da aka miƙo musu daga Bleiburg a kan iyakar Ostiriya. Duk littafin da ka ɗauka a kan ƙasar nan, buɗe wannan babin tukuna ka ga ya marubucin ya yi da Jasenovac, ya kuma ya yi da Bleiburg, in ya yi kuka a kan ɗaya ya yi tsalle ya haye ɗayan to ajiye shi. Tanner da Goldstein duk sun haye wannan jarrabawar, amma Goldstein ya fi tsayawa a kan lissafi da hujja, don fagen bincikensa ne, kuma abin ya taɓa gidansu kai tsaye, zan zo kan wannan.

To in karatu kake so ka ji daɗi ka kuma fahimci ƙasar, Tanner. In rubutun jami'a kake yi kana neman wanda za ka kafa hujja da shi malami bai ja da kai ba, Goldstein.

Akwai na uku da mutane ke gani su ruɗe saboda girmansa, Croatia Through History na Branka Magas, ya fito a 2007, shafi sama da 700, ga hotuna ga taswirori masu kyau. Aiki ne na gaske ba wasa ba, amma ba na mai fara koyo ba ne sam. Tarihin siyasa da tsarin mulki ne, yadda majalisarsu da suke kira Sabor ta riƙa jayayya da Biyana da Budapest, yarjejeniyar 1868 da Hangari, rigingimun jam'iyyu, har zuwa harbin Stjepan Radic jagoran jam'iyyar manoma da aka yi a tsakiyar zauren majalisa a Belgrade ranar 20 ga Yunin 1928, ya rasu a watan Agusta. Nauyin littafin a ƙarni na 19 da farkon na 20 yake. Wanda ke neman labarin yaƙin 1991 ko na 'yan jarida ya sayi wannan, ya yi dakon kaya mai nauyi ne zuwa kasuwar da ba a cinikinsa. Na ce wa ƙanena ya bar shi sai ya kai matakin dakta.

Yanzu maganar jarida, wadda ita ce ainihin buƙatar yaron. Nan ma biyu ne ke gaba.

Na farko Forging War na Mark Thompson, ƙungiyar kare 'yancin faɗin albarkacin baki ta Article 19 ce ta fitar da shi a 1994, aka sake buga shi a faɗaɗe a 1999. Ƙasa-ƙasa ya bi, Sabiya, Kuroshiya, Bosniya, kuma a kowacce gida-gida yake bi, gidan talabijin na ƙasa, kamfanin dillancin labarai, jaridun kullum, mujallun mako, waye aka kora, wa aka naɗa, wace doka aka yi amfani da ita. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ya nuna cewa ba lallai sai an aiko soja an rufe jarida ba. Dubi Slobodna Dalmacija ta garin Split, jaridar da 'yan gwagwarmaya suka kafa tun 1943, a farkon shekarun 1990 tana cikin 'yan ƙalilan da ke faɗin ra'ayinsu, sai aka bi ta hanyar sayar da hannun jari aka miƙa ta ga wani attajiri na kusa da jam'iyya mai mulki a 1993, shi ke nan murya ta sauya ba a harba ko harsashi ɗaya ba. Daga cikin wannan rikicin ne wasu matasa uku, Viktor Ivancic da Predrag Lucic da Boris Dezulovic, suka ɓalle da shafin barkwancin da suke yi suka mai da shi jarida mai zaman kanta, Feral Tribune. A ƙarshen 1993 suka buga hoton haɗi a bangon gaba, Tudjman da Milosevic na Sabiya kwance a gado ɗaya sun rungumi juna, wato dai shugabannin nan biyu da ake cewa abokan gaba ne bakinsu ɗaya a kan raba Bosniya. Ba a jima ba aka aiko wa edita Ivancic takardar kiran shiga soja. A 1994 kuma aka ɗora wa jaridar harajin kashi 50 cikin 100, irin wanda ake ɗora wa mujallun batsa, sai da kotun tsarin mulki ta soke. A 1996 aka gurfanar da editan da wani marubucinsu kan zargin cin mutuncin shugaban ƙasa, kotu ta wanke su. Jaridar da duk wannan bai kashe ta ba, a 2008 bashi da rashin talla suka rufe ta, wannan wallahi har yau yana taɓa ni.

Ka lura da shekarun nan da kyau don suna da alaƙa da aljihunka. Bugun 1994 ya tsaya ne ana tsakiyar yaƙi, ba yadda za a yi ya ƙunshi shari'ar 1996, ko daren Nuwamban 1996 da mutum sama da 100,000 suka cika dandalin Jelacic a Zagreb saboda an yi yunƙurin ƙwace lasin gidan Radio 101, har hukuma ta janye. Masu sayar da na gwanjo a intanet sukan sa tsohon bugun da araha, kai dai nace sai na 1999.

Na biyun shi ne Prime Time Crime na Kemal Kurspahic, 2003. Shi mutumin Bosniya ne, shi ne babban editan Oslobodjenje, jaridar Sarajevo da ta ci gaba da fitowa daga ɗakin ƙarƙashin ƙasa ana ruwan wuta a kan ginin. Nasa ya fi sauƙin karantawa, ya fi gajarta, ya fara tun zamanin Tito ya zarce har bayan 2000, bayan Tudjman ya rasu a 1999 Milosevic kuma ya faɗi a 2000, ya kuma taɓo tallafin da ƙasashen waje suka zuba wa kafafen labarai da inda ya yi amfani da inda ya tafi a banza. Matsalar kawai ga mai neman Kuroshiya ita ce rabonta a ciki bai kai na Sabiya da Bosniya ba. Saboda haka in Kuroshiya ce gaban goshinka, Thompson ne. In kana son hoton yankin gaba ɗaya daga bakin wanda ya yi aikin da hannunsa, Kurspahic. Na Thompson kamar rahoton kwamitin bincike yake, sunaye da gajerun sunayen hukumomi sun yi yawa, sai ka riƙe biro da takarda, amma ga mai rubuta kundi wannan ai shi ne ribar.

Wani giɓi da duk biyun suka bari, kuma ba laifinsu ba ne, shi ne asalin jaridar ƙasar. Alhali labarin yana da daɗi. Jarida ta farko a Zagreb a 1771 ta fito kuma da Latin aka buga ta. Ta farko da ta yi amfani da yaren ƙasa ita ce Kraljski Dalmatin a Zadar, daga 1806 zuwa 1810 lokacin Faransawan Napoleon na riƙe da gaɓar tekun, rabi Italiyanci rabi yaren gida. Sai 1835 Ljudevit Gaj ya kafa Novine Horvatske tare da shafin adabi mai suna Danica, kuma shi wannan Gaj ɗin shi ya daidaita musu ƙa'idar rubutu da haruffan nan masu 'yar alama a ka da kake gani a bayan rigunan 'yan ƙwallonsu, jaridar kuma ita ta kai rubutun gida-gida, mai karatun Hausa zai tuna rawar da Gaskiya Ta Fi Kwabo ta taka mana tun 1939. Akwai Marija Juric Zagorka, mace ta farko da ta yi aikin jarida sosai a ƙasar, a jaridar Obzor, yau mutum-mutuminta na tsaye a titin Tkalciceva a Zagreb. Akwai Novi list da Frano Supilo ya kafa a 1900 wadda har yau tana fitowa a Rijeka. Cikakken littafin wannan tarihi shi ne na Josip Horvat da ya fito a 1962, ya bi jaridun daga 1771 har 1939, sai dai da yaren Kuroshiya yake. Mai Turanci kaɗai sai ya yi tsintuwa, ɗan abu a Tanner, da yawa a Magas, musamman kan Gaj da tafiyarsa.

Ɓangaren al'ada kuma, ya danganta da me kake nufi da al'ada. In kayan gargajiya kake nema, waƙar klapa ta mazan Dalmatiya da ake yi ba kiɗa, ko sukuwar alka ta garin Sinj da mahaya ke sukar zoben ƙarfe da mashi doki na gudu, ko tsohon rubutunsu na Glagolitik da aka sassaƙa a allon dutsen Baska wajen 1100 aka kuma buga littafin addu'a da shi a 1483, to littattafan da na ambata taɓawa kawai suke yi su wuce, kar ka kashe kuɗi don wannan, bidiyon intanet ma ya fi nuna maka. Amma in kana son ka ji yadda rayuwa da tunanin mutane suka juya a lokacin yaƙi, mata biyu ne za ka zaɓa a tsakaninsu, Dubravka Ugresic da Slavenka Drakulic.

Su biyun suna cikin mata biyar da mujallar Globus ta yi wa taron dangi a 1992 ta kira su mayu, ta baje bayanan rayuwarsu da na aurensu a fili don a nuna ba 'yan ƙasa na gari ba ne. Ugresic ta bar ƙasar a 1993, ta ƙarasa rayuwarta a Amsterdam, ta rasu a 2023. Littafinta The Culture of Lies tarin maƙalu ne, da zafi take rubutu, zafin wanda aka kora daga gidansa. Akwai inda ta tsaya a kan wani ɗan gwangwani da ake sayarwa a Zagreb a lokacin, ba komai a ciki, an rubuta a jiki wai tsabtatacciyar iskar Kuroshiya ce, daga kan wannan gwangwanin ta warware maka yadda kalmar tsabta ta kama ƙasa, a tsabtace yare daga kalmomin da ke ƙamshin Sabiya, a tsabtace laburare daga wasu littattafai, a tsabtace ofis daga wasu mutane. Ɗan jarida ya karanta wannan zai gane cewa farfaganda ba a labaran ƙarfe takwas kaɗai take ba. Ita kuwa Drakulic ta fi sanyin murya kuma ta fi sauƙi, littafinta How We Survived Communism and Even Laughed daga kicin da banɗaki da layin kanti yake kallon gurguzu, ƙarancin takardar bayan gida, ƙarancin audugar mata, uwa da ke adana kowane ƙyalle da kwalba don ba ta san gobe ba. Amma nata ya shafi gabashin Turai ne gaba ɗaya, ba Kuroshiya kaɗai ba. Ga mai nazarin jarida Ugresic ce, ba tantama. Ga wanda ke son ya ba matarsa ko ƙanwarsa abin karantawa su tattauna, Drakulic.

Sai dai fa a yi adalci, kar mutum ya karanta Ugresic kaɗai ya ɗauka duk abin da 'yan jaridar Kuroshiya suka yi a yaƙin ƙarya ce. An kawo wa ƙasar hari da gaske, an rusa garuruwa da gaske. Sinisa Glavasevic na gidan rediyon Vukovar ya yi ta aiko rahoto daga cikin garin har ranar da garin ya faɗi, aka ɗauke shi daga asibiti tare da wasu aka kai su gonar Ovcara aka kashe su, mutum wajen 200. Wannan ma ɗan jarida ne. Kamar yadda Sabiyawa tsakanin 150,000 zuwa 200,000 da suka bar gidajensu a Agustan 1995 su ma mutane ne. Shi ya sa nake nacewa a haɗa ta da Tanner, ɗaya na ja ɗaya na saki.

Yanzu bari in faɗi wanda ni a raina ya fi duk sauran, ko da yake ba shi na ce a fara saya ba. 1941: The Year That Keeps Returning, na Slavko Goldstein, mahaifin Ivo ɗin da na ambata. Ya fito da yarensu a 2007, fassarar Turanci a 2013. Slavko yana ɗan shekara 12 a garin Karlovac, babansa na da kantin sayar da littattafai, kwanaki kaɗan bayan kafa gwamnatin Ustasha aka zo aka tafi da uban, bai sake dawowa ba. Yaron ya shiga daji wurin dakarun Tito a 1942, ya girma ya zama ɗan jarida kuma mawallafi. Yana tsoho, bayan shekara 60 da wani abu, aka gano a ma'ajiyar takardun gwamnati wata wasiƙa da uban ya rubuto masa daga kurkuku wadda ba a taɓa isar masa ba. Na ajiye littafin a nan na daɗe ban iya ci gaba ba. Amma ba labarin gidansu kaɗai ba ne, ya ɗauki ƙauyuka biyu maƙwabta, ɗaya na Kuroshiyawa ɗaya na Sabiyawa, mutanen da suka san juna suke cin kasuwa ɗaya, ya bi su ɗaya bayan ɗaya, wa ya kashe, wa ya ɓoye maƙwabcinsa, wa ya kau da kai, sannan ya nuna yadda 1941 ta dawo a 1991 a kan jikokinsu. Yana da kauri, ya haura shafi 500, kuma sai kana da ɗan sanin tarihin kafin ka shiga, shi ya sa yake zuwa bayan Tanner ba gabansa ba.

Wata magana ga ɗan uwa Musulmi mai karatu. A yawancin tarihin Kuroshiya, Turkawan Usmaniyya su ne abokan gaba, jarumansu irin su Nikola Zrinski da ya mutu yana kare ganuwar Siget a 1566, inda Sarkin Usmaniyya Sulaiman ma ya rasu a sansaninsa, duk a yaƙi da Daular suka yi suna, ita kanta sukuwar alka tunawa ce da nasarar 1715 a kan Turkawa. Kar wannan ya ba ka mamaki ko ya sa ka jefar da littafi, haka suka ga abin daga inda suke tsaye. In kana son ɗaya fuskar, nemi Dubrovnik: A History na Robin Harris, 2003. Ƙaramar jamhuriya ce ta 'yan kasuwa a bakin teku, 'yan Katolika, da ta zauna lafiya da Istanbul ɗaruruwan shekaru tana biyan harajin zinare 12,500 duk shekara, fatakenta na yawo cikin Daular, shugabanta wata ɗaya tak yake yi a kan kujera a sauya, tun 1377 suka kafa dokar killace matafiya saboda annoba, a 1416 suka hana cinikin bayi, girgizar ƙasar 1667 ta kusa share garin, Faransawa suka kawo ƙarshen jamhuriyar a 1808. Littafi ne mai kyau ƙwarai amma na gari ɗaya ne, na marmari ne ba na dole ba. Kuma don cikon bayani, majalisar Kuroshiya ta amince da Musulunci a hukumance tun 1916, akwai babban masallaci a Zagreb da aka buɗe a 1987, da wani a Rijeka a 2013.

Ɗaya da zan ce a yi hattara da shi: Black Lamb and Grey Falcon na Rebecca West, 1941. Duk inda ka nemi shawara sai an ambato shi, kuma rubutun kam ya yi kyau, amma shafi ne sama da 1,000, labarin tafiyar wata Baturiya ne a shekarun 1930, ƙaunarta ga Sabiyawa a fili take, ra'ayinta a kan Turkawa da kan mutanen Zagreb duk na zamaninta ne. A karanta shi a matsayin adabi in an samu aro, kar a kafa hujjar tarihi da shi.

Abin da na yanke wa ƙanena ke nan a ƙarshe. Kuɗin littafi ɗaya, Tanner sabon bugu. Na biyu, tunda jarida yake nazari, Thompson na 1999. In na uku ya samu, Ugresic, don ita siririya ce ba ta da tsadar dako. Ivo Goldstein kuma ya nema a laburare ko wurin malaman sashen tarihi ya kwafi babin 1941 da na 1990 zuwa sama. Wanda ba ruwansa da jarida, tarihi da mutane kawai yake so, to ya musanya Thompson da littafin Slavko Goldstein. Kuma duk a nemi na hannu, tsofaffin littattafai ne, gwanjonsu na nan a shagunan intanet na Ingila da Amurka, sau da yawa kuɗin aikowa ya fi kuɗin littafin, gara a haɗa oda ɗaya a tura gidan wani ɗan uwa da ke can ya taho da su in zai zo hutu. Shi dai ya bi shawarar rabi, ya sayi Thompson da Ugresic, Tanner kuma ya zo har gida ya ɗauki nawa, da sharaɗin zai dawo min da shi in ya kare kundin.